Karatun Da Kurkunu Ya Koya Mini

A idon sawuna na hagu akwai wani tabo, faɗinsa bai fi na kwabo ba. Duk sa'ad da na zo alwala na kai hannu kansa, sai in tuna da daminar 1989, da kakata, da wata tambaya da baffana ya yi mini a gaban jama'a na kasa amsawa. Labarin tabon nan na ke so in ba ku, ya ku 'yan'uwana da kuka daure kuka koyi karatu da girmanku. Yanzu littattafai za su yi ta zuwa hannunku, kowane da irin bayanin da ya ɗauko, ya kamata kuwa mu san yadda za mu zauna da su.

Kome ya faru a duniya, hankalin ɗan Adam ba ya kwanciya sai ya nemo dalilinsa. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. In yaro ya yi zazzaɓi uwarsa ta ce rana ya sha, in gero ya ƙi manomi ya ce ƙasa ta gaji. To, irin wannan bayani da mutum ke haɗawa don ya gane dalilin abu, in an tsara shi sosai an jera shi daki-daki, shi ne Larabawa ke kira nazariyya, malamanmu na jami'a kuma su kan ce ra'i. Kada sunan ya ba ku tsoro. Maƙeri na da tasa nazariyya game da ƙarfe, ungozoma na da tata game da ciki, ɗan koli na da tasa game da halin masu ciniki. Abin tambaya shi ne, in mutum ya riƙe bayanin abu a ka, ya iya faɗinsa ba gargada, shi ke nan ya fahimci abin?

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Katsina. A zamanin da na ke magana rijiyarmu guda ce, ga zurfi, ga nisa da gonaki, saboda haka da ruwa ya sauka sai kowa ya koma tafki da kududdufai. Kurkunu kuwa baƙonmu ne na kowace damina. Yaran yanzu ba su san shi ba, alhamdu lillahi, don haka bari in kwatanta shi. Wata tsutsa ce fara siririya kamar zare mai kauri, tsawonta ya kan kai yadi guda. Daga jikin mutum ta ke fitowa, galibi a ƙafa. Da fari wurin zai yi ƙaiƙayi, ya yi bororo, ya riƙa zafi kamar an ɗora garwashi, sa'an nan ya fashe kan tsutsar ya leƙo. Daga ranar sai mutum ya yi makonni a kwance, wani har wata biyu. Kurkunu bai cika kisa ba, amma ya san lokacin zuwa, watau daidai lokacin noma da maimai, sa'ad da kwana ɗaya a gona ya fi wata guda na rani daraja.

Mutanen garinmu ba su rasa bayani a kansa ba. Waɗansu suka ce gado ne, yana cikin jinin waɗansu gidaje. Waɗansu suka ce sammu ne, ko an taka wani abu. Mafi yawa kuwa, har da kakata, cewa su ke jijiya ce ta jiki ta mutu ta ke neman hanyar fita.

A 1988 ina makarantar sakandare ta kwana. Wata rana malamin kimiyya ya zana mana rayuwar kurkunu a allo, da kibiyoyi suna zagayawa. Ga yadda abin ya ke. In zafi ya ishi mai kurkunu ya tsoma ƙafarsa cikin tafki don ya ji sanyi, da tsutsar ta ji ruwa sai ta zubar da 'ya'yanta dubbai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. A cikin ruwan kwance akwai wani ɗan ƙwaro wanda bai kai ƙwayar gero ba, shi ke haɗiye su. Su kan yi kamar mako biyu a cikinsa su ƙosa. In mutum ya sha ruwan tare da ƙwaron, ƙwaron ya mutu a tumbinsa, 'ya'yan tsutsar su fito su huda hanji su shiga jiki. Can su ke girma, mace da namiji su sadu, namijin ya mutu, macen ta yi ta tsawo tana bin ƙarƙashin fata har ta kai ƙafa. Daga shan ruwan zuwa fitowarta kusan shekara guda ne.

Na kwafe wannan a littafina, na haddace shi tsaf. Da aka yi jarrabawa ba wanda ya kamo ni a ajinmu.

Na zo gida hutun damina na tarar da mahaifina kwance, kurkunu biyu a ƙafa ɗaya, ciyawa kuwa ta fara haɗiye geronmu. Da maraice dattawa suka taru a ƙofar gida gaishe shi, ana ta maganar jijiya. Sai na ga ranar da zan nuna karatuna ta zo. Na gyara murya na karanto musu abin da ke kaina tun daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko kalma ɗaya ba, na rufe da cewa duk maganar jijiya jahilci ne.

Aka yi tsit. Can baffana, yayan mahaifina, wanda bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba, ya dube ni ya ce, “Madalla, yaro. To, ina da tambaya. Bana tafki bai fi kwana ashirin da kawo ruwa ba sa'ad da abin nan ya fito wa babanka. Cikin kwana ashirin tsutsa ta yi yadi guda?”

Na yi shiru.

Ya ce, “Ga ta biyu. Ni da shi gora ɗaya mu ke sha a gona. Don me ya kama shi ya bar ni?”

Na rasa ta cewa, sai na ce, “Baffa, ai haka ya ke a littafi.”

Ya ce, “To, ka gaya wa littafin gobe ya zo ya yi wa babanka maimai.”

Aka fashe da dariya. Na tashi cike da fushi, ina cewa a raina mutanen nan ba za su taɓa ganewa ba. Ku dubi abin mamaki, jama'a. Amsar tambayarsa ta farko tana cikin abin da na gama karantowa da bakina, inda na ce kusan shekara guda ne. Ruwan bara ne ya kwantar da mahaifina bana. Maganar na cikin kaina, amma na kasa ɗauko ta lokacin da a ke bukatarta, kamar wanda ya ajiye allura cikin rumbu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin bai tsaya nan ba. Tun da mahaifina ba ya iya tashi, ni da ƙannena muka ɗauki hauya. Wata rana da tsakar rana ruwan gorarmu ya ƙare, ƙishirwa ta kama ni. A gefen gona akwai wani kududdufi, ruwansa ya kwanta garau, har ana ganin yashin ƙasa. Na ce a raina malam ruwa mai datti ya hana, wannan kuwa tas ya ke. Na durƙusa na sha na ƙoshi. Ban yi haka sau ɗaya ba, ban yi sau biyu ba. Shekarar nan rabin abin da mu kan samu muka girbe, kafin kaka ta zagayo sai da aka sayar da awaki biyu aka sayi hatsi.

Daminar 1989, ana saura kwana kaɗan jarrabawar ƙarshen shekara, idon sawuna ya fara ƙaiƙayi. Jiki magayi. Aka ɗauko ni aka kawo gida, jarrabawa ta wuce ni, sai da na maimaita aji. Wanda ya fi kowa maki a kan kurkunu shi ne kurkunu ya kayar.

Kakata ce ta yi jinyata. Da ta gan ni ta ce, “Maigidana, ina ce an ce kai ka san sirrinsa? Ashe har gida ya biyo ka ya gaishe ka.” Ta zauna ta kama aiki. Kowace safiya ta wanke wurin, ta shafa man shanu tana murza ƙafar a hankali, ta naɗe abin da ya fito a jikin ɗan tsinke. Da ta ji tsutsar ta cije sai ta dakata, ta ɗaure tsinken da tsumma sai gobe. Wani ya kawo shawarar a kira wanzami ya yi sakiya, ta ce ba a ƙafar jikanta ba. Ta ce mini, “Jijiya ba a janta da ƙarfi. In ta tsinke a ciki, ƙafar nan sai ta zama turmi.” Yau likitocin duniya duka sun tabbatar da hannunta: kurkunu ba shi da ƙwayar magani, ba shi da allurar rigakafi, naɗewa a hankali ita ce hanya, in ya tsinke kuwa ciwo ya ƙaru. Bayaninta kuskure ne, amma aikinta daidai ne.

Sai dai akwai inda bayanin nan nata ya cuce mu. Tun da a wurinta jijiya ce ta jikin mutum, ba ta ga yadda za ta tashi daga wani ta koma wani ba. Saboda haka in zafi ya tsananta wa mai ciwo, ita ce ke cewa a kai shi tafki ya tsoma ƙafa, ruwa mai sanyi na jawo ta waje. Shekara da shekaru ta yi tana ba da wannan shawara, da zuciya ɗaya, don tausayi.

Ina nan kwance a zaure sai ga wani ma'aikacin lafiya a kan keke, yana bi gida-gida yana ƙidaya masu kurkunu. Ya rubuta ni. Kakata na gefe, baffana ma ya shigo. Mutumin nan bai yi mana wa'azi ba. Sai ya ce a aiki yaro ya ɗebo ruwan tafki. Ya zuba cikin wata farar kwalba, ya bari ya natsa, ya fita bakin zaure ya ɗaga ta wajen hasken rana, ya ce, “Iya, zo ki duba.”

Ta matso ta ƙura ido. Can ta ce, “Kai! Mene ne waɗannan farare masu tsalle?”

Ni ma na ja jiki na leƙa. Ga su nan kamar ƙurar gari, suna zabura nan da can. Shekara guda ina ɗauke da sunansu a ka, na zana su a takarda, ban taɓa sanin ido na iya ganinsu ba, balle in san suna zaune a ruwan da ya fi kowane haske.

Ta ce, “Su ne kurkunun?”

Ya ce, “A'a, Iya. Su jakunansa ne, su ke ɗauko shi su kai ciki.” Ya ɗaure wani ƙyalle mai ƙananan ido a bakin kwarya, ya tace ruwan, ya nuna mata su a kan ƙyallen, ruwan kuwa ya wuce ba ko ɗaya. Sa'an nan ya faɗi abin da na faɗa bara, amma a taƙaice.

Kakata ta yi shiru tana lissafi da yatsu. Ta ce, “Shekara guda ka ce? To, tsaya. Daminar da na tafi birni wankan jegon 'yata, famfo na sha har kaka. Da shekara ta zagayo ina nan gida ina shan tafki, kowa ya kwanta ban da ni. Kuma shekarar farin nan da tafki ya ƙafe, wadda ta biyo bayanta kurkunu bai yi yawa ba.” Farin 1984 ta ke nufi. Ma'aikacin ya ce haka ne.

Sai na ga fuskarta ta sake. Ta dafa ƙirji ta yi salati, ta ce, “Ashe ni ke shuka shi. Ni ce ke cewa a kai su tafki.”

Ba wanda ya gaya mata wannan. Ita ta ciro shi da kanta daga cikin bayanin. Ba ta tsaya nan ba kuwa. Ta ce in haka ne, mai kurkunu kada ya kusanci tafki, wani ya ɗebo masa. In za a jiƙa ƙafa a jiƙa cikin kwarya, a zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa nesa da tafki. Tacewa kuma ba ta randar gida kaɗai ba ce, har gorar gona, domin a gona a ke jin ƙishirwa. Ta juyo ta dube ni da ta faɗi wannan, na sunkuyar da kai.

Baffana ya maimaita tambayarsa ta gora ɗaya. Ma'aikacin ya ce ba kowane ƙwaro ke ɗauke da 'ya'yan tsutsa ba, ba kowace kurɓa ke zuwa da ƙwaro ba, kuma sai mace da namiji sun haɗu a jiki ɗaya kafin tsutsa ta fito. Ya ce kamar mutum biyu ne su ratsa daji ɗaya, ƙaya ta soki wannan ta bar wancan. Baffa ya ce, “Yanzu ka yi magana.” Daga daminar nan shi ne ya zama mai gadin tafki, da sandarsa, ba mai ɗaurarriyar ƙafa da ya isa ya taka bakin ruwa. Liman kuma ya taimaka, ya ce Allah ke saukar da cuta, shi ne kuma ya sanya wa kowane abu sababi, ya ba ɗan Adam hankalin nemansa.

Na daɗe ina tunanin ranar nan. Mu uku ne a zaure, kowa da rabonsa. Ni ina da bayani na gaskiya, amma bai sauko daga kaina ya shiga hannuna ba. Kakata na da gwaninta ta shekara hamsin, amma bayanin da ta ɗora ta a kai ya karkace. Baffana na da tambaya mai kyau, bai samu mai amsa masa ba. Fahimta ta zo ne sa'ad da ukun nan suka haɗu. Alamarta kuwa ita ce abin da kakata ta yi: ta gwada bayanin da abin da ta gani a rayuwarta, ta ga ya zauna, sa'an nan ta fitar da sabon hukunci wanda ba a faɗa mata ba, ko da ya ke hukuncin a kanta ya faɗa.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe nazariyya ba ta da amfani. Ba don ita ba da har yau muna naɗe tsutsa a tsinke. Ido kaɗai ba zai taɓa haɗa ruwan bara da ciwon bana ba, tsakaninsu ya yi nisa. Wani masani ɗan Rasha, Alexei Fedchenko, shi ya gano a wajen 1870 cewa 'ya'yan kurkunu cikin ƙwaron ruwa su ke zama. Masana ba su karɓa haka kawai ba, domin sai an gwada a kan san na ƙwarai. A 1905 wani likita Bature, Robert Leiper, ya zo birnin Ankara na ƙasar Gana, ya sa ƙwarin nan masu ɗauke da 'ya'yan tsutsa cikin ayaba ya ba biri, bayan wata 6 aka sami kurkunu a jikin birin. Bambancin nazariyyar kimiyya da zancen bakin kasuwa ke nan: ta kan faɗi abin da zai faru in an yi kaza, ta yarda a gwada ta, in ta faɗi a jefar.

Amma ku lura da nisan da ke tsakanin 1870 da 1989. Fiye da shekara 100 gaskiyar nan na kwance cikin littattafai, mutane na kwance a zaure. A 1986, sa'ad da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa cibiyarsa cikin yaƙi da cutar, an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa da ita a shekara a Afirka da Asiya. Ƙidayar farko da aka yi a Nijeriya daga 1988 ta sami fiye da mutum 650,000. Ba a ƙirƙiro wani sabon magani ba. Abin da aka yi shi ne aka kai bayanin nan ƙauye-ƙauye, da ƙyallen tacewa da rijiyoyin burtsatse, har ya zama na mutane. Janar Yakubu Gowon ma ya yi ta yawon ƙauyuka saboda wannan. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya da Nijar sun rabu da shi, Gana kuma a 2015. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka.

Irin abin da ya sami kakata ya sami manyan likitocin Turai ma. Shekaru aru-aru suna cewa gurɓatacciyar iska ta fadama ke kawo zazzaɓi, sunan da su ke kiran cutar da shi ma, maleriya, ma'anarsa ke nan da harshen Italiya. Bisa wannan bayani su ka ce a guji fadama, a janye ruwan kwance, a rufe taga da dare. Shawarar ta yi amfani, domin duk wanda ya bi ta ya rage haɗuwa da sauro bai sani ba. Maganin ma sun riga dalili samu. A 1854 Dakta Baikie ya shigo Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin kullum, suka yi kusan wata 4 cikin kogi ba wanda ya mutu, alhali tafiyar 1841 zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa. Duk da haka ba su san abin da kwinin ke kashewa ba. Sai a 1880 Laveran, likitan sojan Faransa a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar cikin jini, a 1897 kuma Ronald Ross a Indiya ya same ta a cikin sauro. Darasin da ke nan shi ne, don shawara ta yi aiki ba shi ke nuna bayanin da ke bayanta gaskiya ne ba. Bayanin iska zai kai ka nesa da fadama, amma ba zai taɓa gaya maka fasasshiyar tukunya mai ruwa a bayan ɗakinka ita ce fadamarka ba.

Har bayani na gaskiya ma bai kamata a ɗauka ya gama faɗin kome ba. A 2010 kurkunu ya sake ɓullowa a Cadi bayan shekara 10 ba a ji labarinsa ba, amma da wani hali dabam: mutum ɗaya nan, ɗaya can, ba ƙauye guda a kan tafki guda ba. A 2012 aka lura yana fitowa a ƙafafun karnuka a garuruwan masunta na bakin kogin Shari, a 2016 karnukan da aka ƙidaya sun wuce 1,000. Masana suka koma bincike, suka kyautata zaton ta hanjin ɗanyen kifi da kwaɗi karnuka ke ɗauka. Aka ƙara sababbin dokoki: a binne hanjin kifi, a dafa kifi sosai, a ɗaure kare mai kurkunu. Tsohon bayani bai zama ƙarya ba, ƙofa ɗaya ce ya sani, ga ta biyu ta bayyana. Da masanan nan sun ce haka ya ke a littafi, kamar yadda na ce wa baffana, da ba su gan ta ba.

To, wannan magana ba ta cuta kaɗai ba ce. A zaman duniya ma kowa na yawo da nazariyyoyinsa game da mutane. Wani ya ce mutanen gari kaza duk mayaudara ne, wani ya ce yaro ba ya ji sai da bulala, wani ya ce maƙwabcinsa ne ya sa kasuwarsa ta faɗi. In bayani irin wannan ya shiga kan mutum, sai ya riƙa ganin abin da ya dace da shi kaɗai, wanda ya saɓa kuwa ya kau da kai. Ni tawa nazariyyar ita ce wanda bai yi boko ba ba ya tunani. Ita ta toshe mini kunne ranar da baffana ya yi mini tambayoyi irin waɗanda masana ke yi wa junansu. Da na saurare shi na koma na duba littafina, da wataƙila mun tace ruwa tun 1988, da ni da waɗanda suka kwanta tare da ni a daminar da ta biyo mun tsira.

Saboda haka, 'yan'uwana, in kun karanta wani bayani a littafi ko jarida, ko kun ji shi a rediyo ko a waya, ga abin da na ke roƙonku. Ku rufe littafin ku faɗi maganar da bakinku, yadda tsohuwar gidanku za ta gane. In kun kasa, hadda kuka yi. Sa'an nan ku tambayi kanku, in maganar nan gaskiya ce, me ya kamata in gani a gonata ko a gidana? Ku je ku duba. Ku kuma tambaya, me zan gani wanda zai nuna ƙarya ce? Bayanin da ba abin da zai iya ƙaryata shi, ku yi hattara da shi. In wanda bai yi karatu ba ya yi muku tambayar da kuka kasa amsawa, kada ku ji haushi, ku gode masa, ya nuna muku inda rufin ɗakinku ke yoyo. Kada kuma karatu ya sa ku rena abin da hannun iyayenku ya iya. Sau da yawa aikin daidai ne, dalilin ne ke son gyara.

Kakata ta rasu ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Har ƙarshen ranta akwai ƙyalle a bakin randarta, ko bayan da aka haƙa mana burtsatse. Kowace safiya ta kan ɗaga shi wajen haske ta duba ko ya huje, ta kuma yi wa gefe ɗaya alama da jan zare don kada a kife shi a mayar da abin da aka tace cikin ruwa. Wannan ma ba wanda ya koya mata. Allah ya jiƙanta, ya ba mu ilimi mai amfani, ya kuma ba mu fahimtarsa. Amin.